Yadda Ake Rubuta Ƙ, Ɓ da Ɗ a Kwamfuta Su Fita Daidai Har Kan Takarda

Duk wanda ya taɓa kai aikin Hausa shagon buga takardu a Katsina ya san wannan ciwon kan. Ka zauna ka rubuta kundin kammala karatunka ko katin ɗaurin aure, komai tsaf a kwamfutarka, ka zuba a filashi ka kai wa mai firinta. Yana buɗewa sai ka ga "Ƙofar Durɓi" ta koma "{ofar Dur~i", ko kuma wasu 'yan akwatuna sun zauna a gurbin haruffan, ko alamar tambaya ta cika shafi. Mai shago ya ce kwamfutarka ce ke da cuta, kai ka ce tasa ce. Yawanci babu wadda ke da cuta a cikinsu. Matsalar tana cikin yadda aka shigar da harafin tun farko.

Kafin a taɓa madannai akwai abu ɗaya da ya kamata ya zauna a kai, domin duk matakan da ke tafe a kansa suka dogara. Kwamfuta ba ta ajiye siffar harafi, lamba take ajiyewa. Idan ka danna "a", abin da ya shiga fayil lamba ce, 97. Siffar da idonka ya gani a fuskar kwamfuta daga wani fayil dabam aka ɗauko ta, wanda ake kira fon, irin su Times New Roman da Arial. Lambar ita ce mutumin, fon kuwa riga ce kawai, ana iya canza ta sau goma mutumin yana nan yadda yake. Saboda haka harafi na iya lalacewa ta hanya biyu: ko lambar da aka ajiye ba tasa ba ce, ko kuma lambar daidai take amma fon ɗin da aka zaɓa ba shi da zanenta. Maganin kowanne dabam ne, kuma mutane da yawa suna shan wahala ne don suna ba na farko maganin na biyu.

Tsarin lambobin da kwamfutocin farko suka yi aiki da shi, ASCII, an fito da shi a Amurka a 1963, gurbi 128 kacal gare shi, kuma Turanci aka auna aka yanka shi. Babu ƙ a ciki, babu ɗ. Sai a 1991 aka fito da Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa ta kansa. Namu suna ciki, kuma ya kamata ka rubuta lambobinsu a takarda ka manna kusa da kwamfutarka:

ƙ 0199, Ƙ 0198
ɗ 0257, Ɗ 018A
ɓ 0253, Ɓ 0181
ƴ 01B4, Ƴ 01B3
₦ 20A6

Mataki na farko: gano irin rubutun da ke hannunka

Idan sabon aiki za ka fara, tsallake wannan. Idan kuwa tsohon fayil ne, na malaminka ko na wani da ya buga maka shekarun baya, fara da gwaji. Kwafo layi ɗaya mai ƙ ko ɗ, ka buɗe Notepad, ƙaramar manhajar rubutu da ke zuwa da Windows, ka liƙa. Notepad ba ya ɗaukar fon ɗin da rubutu ya zo da shi, don haka zai fallasa ainihin abin da aka ajiye. In ka ga "ƙasa" ta fito ƙasa, rubutunka lafiya lau yake. In ka ga "}asa" ko "qasa", to da tsohuwar dabara aka buga shi.

Wannan dabara tana da tarihi, kuma bai kamata a raina ta ba. A shekarun 1990, lokacin da manhajoji ba su gama karɓar Unicode ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera fon na Hausa, Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ba marubuta damar ganin ƙugiya a rubutunsu. Littattafai da kundaye masu yawa da irinsu aka buga. Yadda irin waɗannan fon suke aiki shi ne, a ɗauki gurbin wata alama da Hausa ba ta cika bukata ba, kamar } ko ] ko ~, a zana ƙ ko ɗ ko ɓ a wurin. Ido yana ganin ƙ, amma fayil ɗin } ya ajiye. Muddin fon ɗin yana kan kwamfutar, komai daidai. Ranar da fayil ya je inda babu shi, ko aka kwafe rubutun zuwa Facebook ko WhatsApp, sai asiri ya tonu. Wasu fon ɗin kuma q da x da v suka ara, shi ya sa har yau kake ganin "qasa" da "xan" da "vata" suna yawo a intanet.

Gyaran ba shi da wuya, sai dai yana son natsuwa. Da farko ajiye kwafin fayil ɗin da wani suna, kada ka taɓa na asali. Sannan a Word danna Ctrl da H, akwatin nema da musanyawa zai buɗe. Danna More ka saka alama a Match case. A layin sama rubuta tsohuwar alamar, a na ƙasa liƙa harafin gaskiya. A fayilolin da na fi cin karo da su, } ita ce ƙ, { ita ce Ƙ, ] ita ce ɗ, [ ita ce Ɗ, ~ ita ce ɓ, | kuma Ɓ. Amma duba naka da kyau kafin ka yarda da wannan jeri, ka nemi kalmar da ka sani kamar "waɗanda" ka ga abin da ya zauna a tsakiyarta.

A nan ne gaggawa take ɓarna. Idan kundin yana da manazarta ko ayoyin da aka sa wa baka mai kusurwa, Replace All, wato musanya duka a tashi ɗaya, zai mayar da kowace baka ɗ ko Ɗ. Haka idan q da x da v aka ara, duk sunan Bature ko kalmar Turanci da ke cikin aikin za ta lalace, "Vischer" ya koma "Ɓischer". Don haka ga alamomin da ba su da wani aiki a rubutun, musanya gaba ɗaya. Ga waɗanda ake shakka, bi su ɗaya bayan ɗaya da Find Next, ko ka zaɓi babin da Hausa ce zalla ka yi musanyar a cikinsa kaɗai. Bayan ka gama, zaɓi dukkan rubutun ka canza masa fon zuwa na zamani, ka sake gwajin Notepad.

Mataki na biyu: shirya hanyar bugawa

Hanya mafi sauri ga mai harafi ɗaya ko biyu ita ce lambobin nan na sama. A cikin Word rubuta 0199, nan take ka danna Alt da X tare, lambar za ta rikiɗe ta zama ƙ. Akwai tarko ɗaya. Haruffan a, b, c, d, e da f su ma lambobi ne a wannan lissafi, don haka idan kana rubuta "taɓa" ka buga "ta0253", Word zai haɗa "a" ɗin da lambar ya ba ka wani abu dabam ko ya ƙi yin komai. Sai ka sa U+ a gaban lambar, wato "taU+0253", sannan Alt da X.

Amma ba wanda zai rubuta shafi ɗari da wannan. Ga mai dogon aiki, ƙara Hausa a jerin harsunan Windows. Shiga Settings, ka nemi Time & Language, ka shiga Language, ka danna wurin ƙara harshe ka rubuta Hausa. Da ya sauka, maɓallin Windows da Space suna juya ka tsakanin Turanci da Hausa. Ƙugiyoyin suna ƙarƙashin Alt na hannun dama: riƙe shi ka danna k, d, b ko y, ka haɗa da Shift in babban baƙi kake so. In ka rikice, buɗe On-Screen Keyboard ka danna Alt ɗin dama a jikinsa, zai nuna maka inda kowanne yake. Amfanin wannan hanya shi ne tana aiki a ko'ina, a Word da Excel da burauza da manhajar zane ta CorelDRAW.

In kwamfutar ba taka ba ce, ko ta ofis ce da aka hana saka komai, za ka iya ɗaura wa haruffan maɓalli a cikin Word kaɗai. Shiga Insert, Symbol, More Symbols. Zaɓi Times New Roman, a wurin Subset ka nemi Latin Extended-B, nan ƙ da Ƙ da Ɗ da Ɓ suke. Ƙananan ɗ da ɓ kuwa an ajiye su a IPA Extensions, tare da alamomin masana furuci, kuma wannan rarrabuwa ce take sa mutane su yi ta nema su gaji su ce babu su. Zaɓi harafi, danna Shortcut Key, ka ba shi abin da hannunka zai tuna, kamar Alt da K.

A waya abin ya fi sauƙi. Ƙara Hausa a Gboard, manhajar madannai ta Google, sai ka danne k ko d ko b na ɗan lokaci, mai ƙugiyar zai leƙo. Da yawa daga cikin ɗalibai a waya suke fara rubutu sannan su tura kwamfuta, kuma wannan ba laifi, domin abin da waya ke fitarwa Unicode ne tsantsa. Sai dai mai tura saƙon tes na gayyata ga jama'a ya sani: saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ ɗaya ta shiga, tsarin yana sauyawa ya koma 70, kuɗin kuma yana iya ƙaruwa.

Sai maganar 'y. A Najeriya da ɗauri, wato 'yar alamar nan ta sama kafin y, ake rubuta ta, 'ya'ya, 'yan kasuwa. A Nijar kuwa ƴ ake rubutawa. Mai shago a Daura ko Jibiya ko Mai'aduwa, wanda masu aiki daga Damagaram da Maraɗi suke shigo masa, gara ya tambayi mai aikin wanne yake so, kuma kada a gauraya biyun a takarda ɗaya. Idan ɗaurin za ka yi amfani da shi, lura da abin da Word yake yi: a farkon kalma yakan juya shi ya fuskanci dama, kamar buɗe zance, alhali namu mai kama da waƙafi ne a sama. Riƙe Ctrl ka danna maɓallin ɗaurin, ka saki, ka sake danna shi, zai fito daidai. Ko ka rubuta 2019 ka bi da Alt da X.

Kafin ka bar wannan mataki, kashe wa Word karambani. Zaɓi dukkan rubutun, ka shiga Review, Language, ka saka alama a wurin da aka ce kada a duba kuskuren rubutu, jajayen layukan nan za su ɓace. Ka kuma leƙa AutoCorrect, domin shi ne yake mayar da "i" ta amsawa zuwa "I", yana kuma sauya wasu kalmomin Hausa zuwa na Turancin da suka yi kama da su ba tare da ka lura ba.

Mataki na uku: zaɓen fon, inda aka fi yin asara

Yanzu lambobinka daidai suke. Saura zane. Ba kowane fon ne yake da ƙ ba, domin sai mai ƙera shi ya zauna ya zana ta da hannunsa, kuma yawancin masu ƙera fon na ado ba su taɓa jin labarin Hausa ba. Idan zanen babu, ɗayan biyu ne zai faru. Ko a nuna maka akwati, wanda ya fi alheri tunda ka gani, ko kuma manhajar ta yi shiru ta aro harafin daga wani fon. Wannan na biyun shi ne mugun. Za ka ga katin biki an rubuta sunan amarya da Edwardian Script mai lanƙwashe-lanƙwashe, sai ɗ ɗin "ɗaurin aure" ta tsaya ƙiƙam a tsakiya, siririya, tsayinta dabam da na maƙwabtanta. Mai shago bai gani ba saboda sauri, an buga kati ɗari biyar, sai a hannun baƙi ake ganewa.

Gwajin da nake ba kowa shawara shi ne ya rubuta layi ɗaya da ya tara su duka, misali "Ƙanƙara, Ɗanmusa, Ɗandume, Maraɗi, Ƙofar Durɓi, Ɓaidu, Ƴaƴa, ₦500". Kwafe shi sau huɗu: ɗaya yadda yake, ɗaya mai kauri, ɗaya a karkace, ɗaya mai kauri a karkace. Dalili kuwa kowane ɗaya daga cikin huɗun nan fayil ne mai zaman kansa, kuma yakan faru na farko yana da ƙ amma na karkacen babu. Ƙara girman zuwa 48 ka zuba ido. In kana shakka, ajiye alamar rubutu daf da bayan harafin ka dubi akwatin sunan fon a sama. In sunan ya canza, aro aka yi.

Times New Roman da Arial da suke zuwa da Windows na yanzu suna da haruffanmu, don haka ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Al-Qalam da sashensa ya ce lallai sai Times New Roman mai girman 12 ba shi da damuwa. Ga wanda yake da zaɓi, ni na fi son Charis SIL ko Gentium ga littafi, domin ƙungiyar SIL ta ƙera su ne musamman saboda harsuna irin namu, ƙugiyar ba ta yi kama da abin da aka liƙa daga baya ba. Andika, shi ma nasu, an yi shi don masu koyon karatu, ya dace da littafin 'yan firamare. Noto Sans da Noto Serif na Google su ma sun wadatar. Duk kyauta ake sauke su, kuma lasisinsu ya yarda a yi aikin kuɗi da su. Sakawa ba wuya: sauke fayil ɗin, warware shi, danna dama a kansa ka zaɓi Install, sannan ka rufe Word ka sake buɗewa.

In mai kati ya nace sai fon na ado da ba shi da ƙugiya, akwai mafita a CorelDRAW. Harafi a fon ba hoto ba ne, layuka ne masu lanƙwasa da aka bayyana da lissafi, irin wanda injiniyan Faransa Pierre Bézier ya yi amfani da shi wajen zana jikin mota a kamfanin Renault. Shi ya sa harafi ɗaya yake fita sumul a katin waya da kuma a allon talla na bakin titi. Tunda layuka ne, za ka iya rubuta kalmar da k, ka danna Ctrl da Q ta koma zane, sannan ka ja kan harafin da Shape tool ka lanƙwasa shi. Wannan na kanun rubutu ne mai kalma biyu ko uku. Kada ka gwada shi a shafi guda, kuma ka ajiye kwafin da ba a mayar zane ba, domin bayan Ctrl da Q ba a iya gyara rubutu.

Mai aikin ajami ya nemi Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano, ko Harmattan. Su ma na SIL ne. Sai dai ya gwada manhajar tukuna, domin wasu tsofaffin manhajojin zane suna rarraba baƙaƙen Larabci su jera su daga hagu.

Mataki na huɗu: tsara shafi

Girman harafi da poyin ake auna shi, 72 suke yin inci ɗaya. Amma 12 na wannan fon ba lallai ya yi girman 12 na wancan a ido ba, saboda haka buga shafi ɗaya a takarda ka gani kafin ka yanke hukunci. Ga littafi mai girman A5, 11 yakan isa. Tazarar layi ta ɗan fi girman harafin, kamar 14 ga harafi mai 11 ko 12. Idan ka zaɓi Exactly a Word ka matse tazarar sosai, kan ƙ da ɗ ne zai fara yankewa a fuskar kwamfuta, tunda su ne suka fi miƙewa sama.

Kashe Hyphenation. Ƙa'idar Turanci yake bi wajen yanka kalma a ƙarshen layi, sai ya raba maka "ts" ko "sh" ko "ƙw" gida biyu, alhali kowannensu sauti ɗaya ne. In layi ya yi giɓi da yawa saboda ka daidaita gefe biyu, yanka kalmar da kanka a kan gaɓa, ko ka bar gefen dama a sake. Kuma a daina tura rubutu tsakiya da Space, ko tsallaka shafi da Enter goma sha. Da zarar fon ya canza ko da kaɗan, duk wannan gini rushewa yake. Ctrl da E na tsakiya ne, Ctrl da Enter na sabon shafi.

Mataki na biyar: kulle aikin kafin ya bar hannunka

Fayil ɗin Word ba ya tafiya da fon ɗinsa sai an ce masa. In ka yi aiki da Charis SIL ka kai shagon da babu shi, kwamfutarsu za ta musanya da wani, shafukanka su zame, jadawalin abin da ke ciki ya daina dacewa da lambobin shafi. Don haka abin da za ka kai wa mai firinta PDF ne. Kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993 don wannan bukata, yana ɗauke da zanen haruffan a cikinsa. A Word shiga File, Save As, ka zaɓi PDF. Sannan buɗe shi a Adobe Reader, danna Ctrl da D, ka shiga Fonts. Kowane suna ya kamata a ga Embedded a gefensa. A wannan jerin ne kuma za ka kama ɓarawon da ya tsere maka: in ka ga sunan fon da ba ka taɓa zaɓa ba, akwai harafin da aka aro a wani wuri.

Idan dole sai an kai fayil ɗin Word, misali mai duba kundinka zai yi gyara a ciki, shiga File, Options, Save, ka saka alama a Embed fonts in the file. Fayil ɗin zai ƙara nauyi, kuma wasu fon na sayarwa ba sa yarda a ɗauke su haka, amma waɗanda na ambata a sama suna yarda. Ko kuma ka zuba fayilolin fon ɗin a filashi ɗaya da aikin, mai shago ya saka a tasa.

Mai ajiye rubutu a Notepad ya duba wurin Encoding, wato tsarin lambobin da za a ajiye haruffan da shi, ya tabbata UTF-8 ne, wanda yake ɗaukar Unicode. In aka ajiye da ANSI, ƙugiyoyin sun tafi ke nan, wasu su koma alamar tambaya, kuma babu fon ɗin da zai dawo da su tunda lambar ce ta mutu. Haka mai jerin sunayen ɗalibai ko na ma'aikata a Excel, in zai fitar da CSV ya zaɓi CSV UTF-8, in ba haka ba duk wani Ɗanjuma da Ɗahiru da ke jerin zai lalace.

A shagon, kada ka bari a buga duka a tashi ɗaya. Ce wa mai injin ya fitar maka da shafi ɗaya mai yawan ƙugiya, da shafin da ke da kanun babi da manyan baƙaƙe, ka karanta su a tsaye a wurin. Ka kuma dubi akwatin bugawa ka tabbata Actual size aka zaɓa ba Fit ba, domin Fit yana ɗan rage girman shafin gaba ɗaya, 12 ɗin da sashenku ya nema ta koma ƙasa da haka, gefen da ka bari don ɗinki kuma ya canza. In shafukan gwajin sun fita daidai, sai a saki sauran.